Darasin Labarin Ƙasa: Duwatsun Rumsiki a Bakin Iyaka

Gabatarwa

Ɗalibin da ya fita zaman sansani, ya kafa tanti a bayan gari, yakan ga abin da littafi ya faɗa da idonsa. A wannan darasi za mu ɗauki Rumsiki don misali. Ƙaramin gari ne a tsaunukan Mandara, cikin Jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, kimanin kilomita 55 daga Mokolo, kuma kilomita 3 kacal daga iyakar Nijeriya, daura da Jihar Adamawa.

Asalin Duwatsun

Abin da ke fara ɗaukar hankalin baƙo shi ne wasu dogayen duwatsu da suka miƙe tsaye kamar taɓare. Mafi shahara a cikinsu shi ne Dutsen Kapsiki, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 1,224 bisa matakin teku. Shin yaya aka yi suka tsaya haka?

Kimanin shekaru miliyan 30 da suka wuce, narkakken dutse ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ta wasu kafofi masu kama da maƙogwaro. Saboda kaurinsa bai malala da nisa ba, sai ya sandare a cikin kafofin. Daga nan ruwan sama da iska suka yi ta zaizaye toka da duwatsu marasa ƙarfi da ke kewaye, har suka bar sandararren dutsen a tsaye. Misalinsa kamar a zuba siminti cikin ramin yashi ne, ya bushe, sa'an nan ruwa ya wanke yashin.

Waɗannan duwatsu suna cikin jerin duwatsu masu aman wuta da ya taso daga tsibiran Mashigin Tekun Gini ya nufi Tafkin Chadi, tsawon kimanin kilomita 1,600. Tudun Biu na Jihar Borno yana cikin jerin. Na Rumsiki sun daɗe da mutuwa, amma Dutsen Kamaru ya yi amai a 1999 da 2000.

Gonaki da Mutane

Dubi gangaren tsaunukan, za ka ga an jera duwatsu hawa-hawa kamar matakala. Dabara ce ta manoma don rage gudun ruwa, ya samu shiga ƙasa, kada ya kwashe ta. A nan ake shuka dawa.

Mazauna garin Kapsiki ne, 'yan'uwan Kamwe na Michika a Nijeriya. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1919 ce ta ratsa tsakaninsu, ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 kuma ta sa ɓangaren yamma ya zama na Nijeriya. Ke nan dutse da harshe da noma duk sun girmi layin iyaka.

Shirin Tafiya

Zafi yakan ragu da kimanin digiri 6.5 a kowane hawan mita 1,000, don haka a tanadi bargo, musamman da hunturu. Tun daga 2013 hare-haren Boko Haram suka rage baƙi a jihar. Kada malami ya fita da ɗalibai sai da takardun ƙetare iyaka da amincewar hukumomin tsaro.

Tambayoyi

1. Me ya sa narkakken dutsen bai malala da nisa ba?
2. Gwada misalin siminti da yashi a makaranta, ka rubuta abin da ka gani.
3. Wace dabara manoman garinku suke bi don hana zaizayar ƙasa?