Filin Shawara: Keken Baba, a Gyara ko a Sayar?

Gwaggo, mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar wani tsohon keke baƙi ƙirar Raleigh, wanda ya yi ta cin kasuwar Gwaram da ta Birnin Kudu a kansa tun kafin a haife ni. Yanzu yana nan jingine a bayan rumbu, tayoyi sun ruɓe, sarƙa ta ƙame, tsatsa ta kama shi. Ni so nake in tada shi, in kankare shi tas, in fesa masa jan fenti in riƙa zuwa gona. Yayana ya ce a miƙa wa 'yan gwangwan a raba kuɗin. Innarmu kuma ta ce ba da yawunta za a sauya masa launi ba. Maganar har ta fara taɓa zumunci. Ina mafita?

Ɗanki, daga Unguwar Ya

Ɗana, Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta.

Kafin ka ɗauki sifana, ka sani keken nan ba naka ba ne tukuna. Gado ne. Innarku tana da tumuninta a ciki, yayanka yana da rabonsa, 'yan'uwanka mata, in akwai, su ma haka, ko da abin da zai faɗo wa kowa bai kai kuɗin goro ba. Don haka yayan naka bai yi laifi ba da ya yi maganar kuɗi. Inda ya kauce shi ne wurin mai saye. Ɗan gwangwan a sikeli zai ɗora shi, kuɗin ƙarfe zai biya, ba ruwansa da ko Raleigh ne ko tsohuwar garma. Ku kira malamin da ya raba muku gado da wani dattijon mai gyaran keke su yi masa ƙima a gaban kowa. Sai ka biya kowa rabonsa, wanda ya yafe maka kuma ya faɗa da bakinsa a gaban shaidu. Ka yi wannan tun keken yana cikin tsatsarsa. In ka bari sai ya fito yana walƙiya, farashin zai tashi, rigimar ma ta tashi.

Batun launi kuwa, ina bayan Inna. Ba don tausayi kaɗai ba. Raleigh kamfani ne na garin Nottingham a Ingila, ya kafu tun shekarun 1880, an kuma taɓa harhaɗa kekunansa a Kano. A can Nottingham ɗin ma an daina ƙera su tun 2002. Kafin Phoenix na China da Hero na Indiya su cika kasuwa, mai Rali a ƙauye mutum ne da ake lissafi da shi. Baƙin fentin nan da kake rainawa gasa shi aka yi a kamfani, kuma ba wani fentin gwangwani da za ka sayo ya kama ƙarfe kamarsa. Sau da yawa abin da ido ke ɗauka tsatsa, ƙura ce da tsohon mai suka daskare. Ka wanke shi da ruwa da sabulu, ka goge da tsumma mai ɗan kananzir, sannan ka sake dubawa. Kana iya tarar da siraran layukan ruwan zinari suna nan a jikinsa. In fentin ya fi rabi da rai, ka taɓa wuraren da suka ɓare kawai ka bar sauran.

A gaban keken, ƙasa da abin riƙewa, akwai wani ɗan tambarin ƙarfe mai kan zalɓe. Kada samfefa ta kusance shi. Akwai kuma lamba da aka buga a jikin ƙarfen, ko ƙarƙashin sirdi ko wajen feda. Ka rubuta ta ka ajiye, kada ka bari fenti ya cike ta.

Wajen kwancewa ake yin ɓarna. Duk notin da ya ƙi motsi, ka ɗiga masa kananzir ko baƙin mai ya kwana, kada ka sa ƙarfi. Fedar hagu a juye take, wato inda kake zaton ɗaurewa nan ne kwancewarta, kuma nan yara da yawa suke lalata ta. Abin da ya fi muhimmanci: kada ka yar da ko noti ɗaya. Tsofaffin Raleigh na Ingila suna da zaren noti irin nasu a wasu wurare, musamman inda sandar feda take juyawa, kuma ba lallai na Phoenix ko Hero su hau ba. In an tilasta su, zaren ya cinye, shi ke nan. Ka samu tsohon kwano ka tara komai, ka jiƙa boris da sarƙa a kananzir, ka sauya waɗanda suka ɓare, ka cika giris. Ƙarfen da yake da fari, irin abin riƙewa da sandunan birki, lemun tsami da tsumma suna fitar da tsatsarsa, yadda tsamiya ke fito da hasken tasa.

Ka duba mahaɗar ƙarafan da ƙafar gaba da kyau. In ka ga tsagewa, wurin mai waldar gas za ka kai, don waldar lantarki tana iya huda siririn ƙarfe irin wannan. Tayar irin waɗannan kekuna yawanci mai lamba 28 ce. Ka tafi da tsohuwar a hannu, in ba a samu a Birnin Kudu ba, Sabon Gari a Kano ba ta rasawa. Sirdin in na fata ne, ɗan man kaɗanya kaɗan zai tausasa shi, baduku kuma ya ɗinke inda ya yage.

To, in ka wanke ka ga tsatsa ta riga ta cinye fentin, sai a sake. Ka goge har ƙarfe ya fito, ka fara shafa jan fentin nan mai hana tsatsa da masu ƙera ƙofa suke sawa, ya bushe, sannan baƙi, shafi siriri sau biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. Mai gaggawa yakan lafta da kauri, fentin ya zubo ya yi hawaye. Kada ka yi aikin ranar da hunturu ya taso da ƙura, kada kuma ka yi da danshin damina. Ka rataye shi a inuwa ya yi kamar mako kafin ka mayar da kaya. Jan da ranka yake so, ka sa a kariyar baya, ka tambayi Inna ko ta yarda.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, keken da ba ya shan fetur ba abin wasa ba ne a gida. Ka faɗa wa yayanka shi ma zai riƙa ara.

*

Gwaggo, maigidana ya ɗauko gyaran wani tsohon keke, a tsakar gida yake kankare shi, da dare kuma ya shigo da shi ɗaki da ɗanyen fenti wai kada ƙura ta ɓata. Jaririna ya fara tari. Na yi magana ya ce na cika ƙorafi.

'Yarki, daga Gwaram

'Yata, ba ƙorafi kika yi ba, gaskiya kika faɗa. Warin fenti da tina yana cutar da ƙirjin babba ma, balle jariri a ɗakin da aka rufe. Tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma, kuma ba mu manta yaran da gubarta ta kashe a Zamfara a 2010 ba. Garin da yake kankarowa yana sauka inda yaro ke rarrafe, inda kike shanya hatsi. Ki same shi bayan ya ci abinci, ba a gaban mutane ba, ki ce ya mayar da aikin zaure ko bayan gida, ya jiƙa samfefar da ruwa don kada ƙura ta tashi, ya rufe hancinsa, ya wanke hannu kafin ya ɗauki yaro. In ya ƙi ji, ki sanar da mahaifiyarsa ko yayansa. Yau ɗin nan ki kwana da yaron a wani ɗaki, in tarin bai lafa ba kuma ki kai shi asibiti gobe da safe.