Darasi Daga Talabijin Ta Lakkol: Na'ura Da Malami

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya koyar da ɗan Adam da alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, mu sani ƙasarmu Nijar tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka gwada koyarwa da na'ura. A shekarar 1964, da taimakon Faransa, aka soma talabijin ta lakkol a Yamai, saboda ƙarancin malamai. Zuwa 1966 shirin ya kai makarantu 22, da yara wajen 800. Ana watsa gajerun darussa kowace rana, sannan mai kula da aji, wanda sau da yawa karatun firamare kawai ya yi tare da ɗan horo, ya maimaita su da yara. Yaran sun so karatun, bakinsu ya buɗe da Faransanci. Amma kuɗin shirin ya yi nauyi, bai game ƙasa ba, kuma a ƙarshen shekarun 1970 aka dakatar da shi.

A cikin wannan akwai darussa uku.

Na farko, na'ura ba ta isa ita kaɗai. Talabijin tana magana, amma ba ta jin tambaya, ba ta gane yaron da aka bari a baya. Haka kaset yake, haka salula take: yaro zai saurari ƙira'a mai kyau, amma gyaran harafi sai a gaban malami.

Na biyu, abin da aka gina a kan taimakon waje yana raunana ranar da taimakon ya janye. Kafin mu sayi kwamfuta ga madarasa, mu tambaya: ina wuta, wa zai gyara, wa zai biya?

Na uku, harshe. Darussan talabijin da Faransanci aka yi su. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram, domin yaro ya fi saurin fahimta da harshen da ya tashi da shi.

Saboda haka, ya ku iyaye, kada mu ƙi sabon abu don sabo ne, kada kuma mu miƙa wa yaro salula mu juya baya. Mu fara da horar da malami da biyan haƙƙinsa, sannan mu sa na'ura a hannunsa.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya shirya zuriyarmu. Amin.