Ganin likita ta bidiyo daga Suk al-Shabi

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, asibitoci da dama a Khartoum da Omdurman suka rufe, likitoci kuma suka watsu. Shi ya sa ganin likita ta waya ya samu karɓuwa, har wurin 'yan'uwanmu masu kasuwanci a Suk al-Shabi.

In za ku kira, ku bar bakin tasha. Ƙugin motoci da ihun 'yan kamasho ba za su bari likita ya ji tarinku ba. Ku shige cikin shago, haske na dukan fuskarku, kwalayen magungunan da kuke sha na gabanku. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fara biyawa kantin magani a auna shi, ya rubuta lambar. Ku tambayi manhajar da za a yi amfani da ita tun da wuri, domin a Yulin 2025 hukuma ta toshe kiran bidiyo na WhatsApp. Kada ku tura kuɗi ta manhajar Bankak sai kun tabbatar likita ne na gaske.

Zazzaɓi kuwa sai an gwada jini, don maleriya da dengi kan yi kama. In kuma akwai gudawa kamar ruwan shinkafa, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, ku ajiye waya ku nufi asibiti mafi kusa, mai gudawar yana shan ruwan gishiri da suga a hanya.