Yadda Ake Gwada Bawul Mai Hana Ruwa Komawa Baya

A Fagge da Sabon Gari, otal-otal da gidajen wanki da masana'antun fiya wata kan haɗa ruwa iri biyu: na Hukumar Ruwa ta Jihar Kano, wanda ke fitowa daga matatu irin su Tamburawa da Challawa, da kuma na rijiyar burtsatse. Idan aka haɗa su a bututu ɗaya ba tare da kariya ba, ruwa na iya juyawa ya koma babban bututun unguwa da duk dattin da ya kwaso.

Me ke sa ruwa komawa?

Hanya biyu ce. Ta farko, idan aka ɗauke ruwa, matsin da ke cikin bututu ya faɗi, sai bututun ya riƙa zuƙa kamar mai shan lemo da tsinke. Tiyon da aka bari a cikin durom na sabulu ko rini zai zuƙe abin da ke ciki. Ta biyu, idan injin turo ruwa na masana'anta ya fi ruwan hukuma ƙarfi, sai ya tura nasa ruwan baya.

Illar ba ƙarama ba ce. A 1933, ruwan ƙazanta ya shiga bututun ruwan sha a wasu otal biyu na birnin Chicago a Amurka, cutar atuni ta ɓarke, mutum 98 suka mutu.

Na'urorin kariya

Mafi sauƙi shi ne barin tazara tsakanin bakin bututu da saman ruwan tanki, aƙalla ninki biyu na faɗin bututun. Sai bawul mai ƙofa ɗaya, wanda sifirin ke rufewa da zarar ruwa ya juya. Akwai mai ƙofa biyu. Inda ake aiki da sinadarai, kamar majemun Sharaɗa da Challawa, wanda ya dace shi ne samfurin RPZ: ƙofa biyu da mafita a tsakiya, wadda ke zubar da ruwan waje idan ƙofa ta gaza.

Yadda ake gwaji

1. A sanar da masu amfani da ruwan, sannan a rufe famfon da ke kawo ruwa daga babban bututu.
2. A bar ɓangaren tanki da matsinsa.
3. A buɗe ƙaramin famfon gwaji da ke tsakanin wanda aka rufe da bawul ɗin.
4. Idan ruwa ya ɗan fito ya tsaya, bawul yana riƙewa. Idan ya ci gaba da zuba, yana yoyo.

Shi kuwa RPZ, sai ƙwararren mai gyaran famfo da agogon auna bambancin matsi. Ƙa'ida ita ce mafitarsa ta buɗe kafin bambancin ya sauka ƙasa da psi 2.

Kulawa

Yashi ne babban abokin gaba, domin ƙwaya ɗaya na iya hana ƙofar rufewa. A sa mataci kafin bawul, a riƙa wanke shi. A canza robar da ta tsage da sifirin da ya yi tsatsa. A yi gwaji sau ɗaya a shekara, da kuma bayan kowane gyara.

Waya ma na da amfani a nan: a saita tunatarwa a kalanda, a ɗauki hoton agogon a kowane gwaji, a kwatanta shi da na bara. Idan lambar tana raguwa, a kira mai gyara tun kafin ruwan maƙwabta ya gurɓace.