Tsohon Jirgin da Ya Fasa Ƙofa

Yau za mu karanta labarin wani jirgin ruwa na yaƙi. Jiragen yaƙi iri iri ne. Akwai manya masu igwa. Akwai kuma ƙanana masu gudu, waɗanda Turawa ke kira distiroya. Aikinsu rakiyar manyan jirage, da farautar jiragen da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa.

An ƙera wannan jirgi a Amurka, aka sa shi a ruwa a 1919. Sunansa na farko Buchanan. Tsawonsa ƙafa 314, yana da bututun hayaƙi huɗu. Bai ga yaƙin duniya na farko ba, domin an gama yaƙin kafin a gama shi.

A 1940, cikin yaƙin Hitila, Ingila ta rasa jirage da yawa. Sai Amurka ta ba ta tsofaffin distiroya hamsin. Wannan yana cikinsu. Aka sake masa suna, aka ce Campbeltown.

To, Jamusawa suna da wani babban manuwa, sunansa Tirpitz. Ingilishi suna tsoron kada ya fito ya nutsar da jiragen da ke kawo musu abinci. Amma jirgi irin wannan in ya ji rauni sai an gyara shi. Ana shigar da shi wani ƙaton rami mai ƙofar ƙarfe, a rufe, a kwashe ruwa, sannan maƙera su sauka. A bakin tekun Faransa na yamma, rami ɗaya ne kawai zai ci shi, a garin Saint-Nazaire. Garin kuwa yana hannun Jamus.

Sai aka cire wa Campbeltown bututu biyu don ya yi kama da jirgin Jamus. Aka ɓoye nakiya fiye da tan huɗu a goshinsa. Ran 28 ga Maris, 1942, da tsakar dare, ya taho da gudu ana harbinsa, ya daki ƙofar, ya maƙale. Sojojin da ke ciki suka dira ƙasa.

Gari ya waye, Jamusawa suka hau suna dubawa, ba su ga nakiyar ba. Kafin azahar ta tashi. Ƙofa ta tarwatse, mutane da yawa suka hallaka.

Mu lura, abin bai zo da sauƙi ba. Cikin Ingilishi wajen 600 da suka tafi, 169 suka mutu, aka kama 215. Ramin bai sāke aiki ba har yaƙi ya ƙare, Tirpitz kuma bai taɓa zuwa can ba.