Shawarwari kan Gyambon Ciki ga Magidantan Bata da Kewaye

Daga Bata zuwa kasuwar Sabon Gari, Singa da Kantin Kwari, da wuya a wuni a rumfa ba a ji wani ya dafe ƙirji ya ce olsarsa ta tashi ba. Abinci na kare ciki ƙwarai, amma yana da iyaka.

1. A san tushen ciwon. Yunwa da yaji tayar da shi suke yi, ba su suke haifar da shi ba. Galibi ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori, wadda likitocin Ostareliya Barry Marshall da Robin Warren suka gano a 1982. Tana yaɗuwa ta gurɓataccen ruwa da hannu marar tsabta. Don haka a tafasa ruwan rijiya, a wanke hannu da sabulu kafin a sa a kwano.

2. Haɗin maganin gajiya shi ya fi damuna. Ɗan dako da mai baro da direban adaidaita su wuni suna aiki, da yamma su haɗiyi ibuprofen ko diclofenac ko asfirin, ciki ba komai. Waɗannan ƙwayoyin suna cinye kariyar bangon ciki. Uwargida, in maigida ya saba da su, ki yi masa magana, don Allah.

3. Kada a fita kasuwa ba kalaci. Ko kunu ne da ƙosai marar yaji.

4. A yawaita kayan lambu da masu laushi: kabeji, miyar kuɓewa, kuka, zogale, wake, dankalin Hausa, ayaba da gwanda. Kindirmo mai tsabta yana da amfani, zuma ma haka, sai dai ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma.

5. Madara na kwantar da zafi na ɗan lokaci, daga baya ta ƙara tsamin ciki. Jiƙon kanwa kuwa rufe ciwon yake, ba ya warkarwa.

6. A rage goro, kofi da shayi mai kauri. Taba kam a bar ta.

7. Babu miyar da ke kashe ƙwayar H. pylori; sai gwaji da maganin likita na kusan mako biyu, a shanye shi duka. Wanda ya ga aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko rama ba dalili, kada ya tsaya wajen mai tallar magani. A kai shi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a ranar.