"Borrow" da "Lend": Wa Ya Karɓa, Wa Ya Bayar?

Daga makarantun sakandaren Kafanchan zuwa na Zonkwa da Kagoro, har Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da wuya a wuni ba a ji ɗalibi ya ce "borrow me your biro" ba. Kowa ya gane nufinsa, amma a takardar WAEC ko NECO kuskure ne da ke cin maki.

Tushen matsalar ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. A Kudancin Kaduna, Bajju da Atyap da Ham da sauran ƙabilu galibi Hausa ce ke haɗa su a kasuwa, ita kuwa Hausa abin da aka karɓa take dubawa. Fartanya ko keke aro ne, domin shi ɗin za a mayar. Kuɗi ko hatsi rance ne, domin madadinsa za a biya. Kalma guda kuma tana aiki ta kowane ɓangare: "na ari littafi", "ara mini littafi". Turancin Buroka ma haka yake yi, shi ya sa kuskuren ya zauna daram a baki.

Turancin makaranta bai damu da irin kayan ba. Abin da yake tambaya shi ne, wa ya miƙa, wa ya karɓa? Mai karɓa shi ke "borrow", kuma "from" ke binta. Mai bayarwa shi ke "lend". Manomin citta a Kachia da ya ci bashi zai ce "I borrowed money from the bank". Bankin kuma "lent money to the farmer". A lura, shuɗaɗɗen lokacin "lend" shi ne "lent", ba "lended" ba.

Ga abin yi. Na farko, kafin ka buɗe baki, tambayi kanka: hannun wa kayan ke bari? Na biyu, kada ka taɓa sa "me" kai tsaye bayan "borrow". Na uku, haddace jimloli biyu: "Please lend me your biro" da "May I borrow your biro?" Duka daidai ne, kuma buƙata ɗaya suke biya.

Malamai, ku riƙa gyara wannan tun daga firamare, cikin raha ba da bulala ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.